Yadda kunne yake koyon sauraron black, death da doom metal

Wani ɗan'uwa da ke karatu a ƙasar waje ya rubuto yana cewa abokin ɗakinsa ba ya rabo da wani irin kiɗa da ake kira black metal, death metal da doom metal, na ƙananan ƙungiyoyin da ba a jin su a rediyo. Ya ce ya daure ya saurara, amma bai ji komai ba sai hayaniya da gurnani. Yana son ya san abin da masoya kiɗan suke ji a cikinsa, ta ina ake farawa, kuma ko gaskiya ne maganar da ake yi cewa kiɗan masu bautar Shaiɗan ne.

Ɗan'uwa, kada ka zargi kunnenka. Abin da ka ji shi ne abin da ni ma na ji fiye da shekara ashirin da suka wuce, ranar da wani abokin karatu ya ba ni aron kaset ɗin wata ƙungiyar death metal, na saka a rediyo, na yi maza na cire ina duba ko zaren ne ya cukurkuɗe. Tun daga lokacin ban rabu da wannan kiɗa ba, kuma da yake haɗa sauti a situdiyo ya zama sana'ata, na sami damar zama da shi ina warware shi zare-zare.

Matsalar farko daga tarbiyyar kunnenmu take. Mun tashi ne a cikin kiɗan da magana ce sarauniyarsa: mawaƙi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, kalangu ko kotso ko kuntigi yana biye yana yi musu rakiya, kuma idan aka ce waƙa ta yi daɗi, galibi azancin maganar da zaƙin muryar ake nufi. Shi ya sa da zarar ka ji sabon kiɗa kunnenka yake zarcewa wurin murya yana neman kalmomi, idan bai same su ba sai ya yanke hukuncin cewa babu komai a wurin. A wannan kiɗa kuwa an kifar da tsarin. Jita ce take jan baiti, ta hanyar wani ɗan gajeren zubi na sauti da ake maimaitawa ana jujjuya shi, wanda makaɗan suke kira rif, ita kuma murya an mayar da ita ɗaya daga cikin kayan kiɗa. Idan ka tambayi masoyin kiɗan dalilin da ya sa yake son wani faifai, da wuya ya kawo maka baiti ko ɗaya. Sai dai ya kumbura baki ya kwaikwayi rif, yana kaɗa hannu a iska.

Sunaye ukun da abokin ɗakinka yake ambata uwarsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban, kuma ina ba ka shawara ka fara da doom, domin shi ne mai tafiyar hawainiya, kunne yana iya bin sawunsa taku-taku. Kalmar tana nufin halakar da aka riga aka ƙaddara, wadda ba makawa sai ta auku. Tushensa birnin Birmingham ne na Ingila, garin masana'antun ƙarfe, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko ranar 13 ga Fabrairu, 1970. Makaɗin jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kawunan yatsu biyu na hannun dama a masana'antar da yake aiki, kuma da yake bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma, a faifan Master of Reality na 1971, ya sassauta ɗaurinsu don su yi masa laushi. Sassauta tsirkiya yana sa sauti ya yi ƙasa ya yi kauri, kamar yadda muryar kalangu take sauka idan makaɗi ya saki matsin hammatarsa. Dabarar da mutum ɗaya ya yi saboda larura ita ce dubban makaɗa masu lafiyayyun yatsu suke bi har yau.

Ka nemi waƙar farko ta faifan 1970, wadda take ɗauke da sunan ƙungiyar kanta, ka zauna da ita. Za ka fara jin ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci daga nesa. Sannan jita ta faɗo da amo uku kacal: na farko a ƙasa, na biyu shi ne dai na farkon amma a sama, na uku kuma ya sauka daidai tsakiyar tazarar da ke tsakaninsu, wurin da kunne ba ya samun natsuwa. Tun ƙarnoni da suka wuce malaman kiɗa na Turai suka yi wa wannan tazara laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa, saboda rashin jituwarta. Abin da nake so ka lura da shi shi ne abin da yake biyo bayan amo na ukun. Ba a gaggawar tafiya zuwa na gaba. Ana barinsa yana karkarwa yana dusashewa, gangunan Bill Ward suna ɗan motsi a ƙarƙashinsa kamar mai tafiya da sanɗa. A cikin wannan jira daɗin doom yake, kuma wanda ya koyi sauraron yadda amo yake mutuwa kafin wani ya zo ya riga ya ci rabin hanya.

Daga nan rassa suka yaɗu. A Suwidin ƙungiyar Candlemass ta fitar da Epicus Doomicus Metallicus a 1986 da murya tsarkakakkiya mai tashi sama, babu gurnani ko kaɗan, don haka wuri ne mai sauƙin shiga ga irinka. A arewacin Ingila, farkon shekarun 1990, Paradise Lost da My Dying Bride da Anathema, waɗanda duk kamfanin Peaceville ya fitar, sun gauraya nauyin doom da gurnanin death metal, My Dying Bride har da goge irin na Turawa yana kuka a tsakiya. Mutanen Finlan kuwa su suka kai abin maƙura da reshen da ake kira doom na jana'iza: Thergothon a 1994, Skepticism a 1995, inda bugun ganga yake yin ƙasa da bugun zuciyar mutumin da ke hutawa, mai gangar Skepticism ma da sanduna masu lulluɓin kai yake kiɗa, ga kuma sautin ogan irin na coci ya cika wurin. Wanda ya fi taɓa ni a 'yan shekarun nan shi ne Mirror Reaper na Bell Witch, mutum biyu daga Seattle ta Amurka, jitar bes mai kaurin sauti da ganga. Waƙa ɗaya ce tak mai tsawon minti 83, ta fito a 2017 bayan rasuwar tsohon mai gangarsu, Adrian Guerra, kuma a tsakiyarta suka saka muryarsa da aka ɗauka tun yana raye. Na san mutanen da ba su taɓa son metal ba, amma da aka ba su wannan labari kafin su saurara, suka zauna har ƙarshe ba su ce uffan ba.

Akwai abin da faifai ba ya iya ba ka, sai ka je wurin wasa. Na taɓa halartar wasan wata ƙungiyar doom a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da bai ɗauki mutum ɗari ba. Da mai jita ya saki amon farko, ƙafar wandona ta fara kaɗawa da kanta, ledar da ke aljihuna tana ƙara, ƙirjina yana rawa kamar fatar tambari. Babu mai tsalle, babu mai ihu. Mutane suna tsaye idanu a rufe, suna sunkuyar da kai a hankali tare. A nan na gane cewa da jiki ake sauraron wannan kiɗa kafin kunne. Idan za ka je, ka tafi da abin toshe kunne, kuma kada ka ji kunya, domin tsofaffin hannu duk suna sawa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke amfani da shi ya ce sauti mai ƙarfin disibel 85 ana iya jure shi awa 8, amma idan ya kai 100 minti 15 ne kawai, kuma irin waɗannan wasanni sukan wuce 100.

Death metal, wato metal na mutuwa, shi ne wanda ya fi kama da hayaniya ga baƙo, alhali shi ne ya fi su duka lissafi. Ya fito ne a tsakiyar shekarun 1980, da Seven Churches na Possessed a 1985 da Scream Bloody Gore na ƙungiyar Death a 1987. Mabuɗinsa ganga ne. Ka san yadda mata biyu suke lugude a turmi ɗaya, wannan taɓarya na tashi waccan na sauka ba tare da sun yi karo ba? Haka mai gangar death metal yake yi da ƙafafunsa biyu a kan babbar ganga, har bugun ya zama kamar dirin inji. Akwai kuma wani salo da hannu da ƙafa suke sakin wuta tare, bugu 200 ko fiye a minti, wanda ƙungiyar Napalm Death ta Birmingham ta taimaka wajen yaɗa shi. Kuskuren sabon shiga shi ne ƙoƙarin ƙirga kowane bugu. Ka bar luguden ya zama shimfiɗa, ka ɗora hankalinka a kan jita, za ka ji rif yana tafe, ya tsaya cak, wani ya karɓa da wani taku dabam, a koma na farko an ɗan murɗe shi. Yawancin waƙoƙin ba su da tsarin baiti da amshi. Rif bakwai ko goma ake jerawa kamar ɗakunan gida ɗaya, kowanne yana buɗewa cikin na gaba. Altars of Madness na Morbid Angel, 1989, shi ne makarantar wannan gini.

Ga wani gwaji da nake ba masu koyon aiki a wurina. Ka saurari faifan da aka ɗauka a situdiyon Morrisound da ke Tampa a jihar Florida, inda Scott Burns ya haɗa sautin ƙungiyoyi irin su Obituary da Death, sannan nan take ka saka Left Hand Path na Entombed, wanda Tomas Skogsberg ya ɗauka a situdiyon Sunlight na Stockholm ya fito a 1990. Na Florida a tsaftace yake, kowane bugun ganga yana fita fes. Na Stockholm kuwa jitar tana gurza kamar zarton inji a cikin ɗanyen itace, kuma sirrin bai wuce wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa ba, Boss HM-2, wadda samarin suka murɗa maɓallanta huɗu duka zuwa ƙarshe, abin da duk wani mai hankali a situdiyo zai hana ka yi. Ranar da ka iya bambance waɗannan biyu ido a rufe, kalmar hayaniya ta daina yi maka amfani, domin ka fara jin zaɓin da mutane suka yi da gangan.

Shi kuwa gurnanin da ya dame ka, fasaha ce da ake koya. Ba da ainihin igiyoyin murya kaɗai ake yinsa ba, har da wasu naɗe-naɗen nama da ke samansu, irin dabarar da mawaƙan maƙogwaro na yankin Tuva a Rasha suke amfani da ita, kuma wanda ya iya yana iya yin wata guda yana wasa kowane dare bai dishe ba. John Tardy na Obituary, a faifansu na farko, a wurare da yawa ba ma kalmomi yake furtawa ba, sauti kawai yake fitarwa inda ya dace da kiɗan. Wannan ya isa ya nuna maka matsayin murya a wurinsu.

Yanzu sai black metal, baƙin metal, wanda ya fi wahalar shiga kuma ya fi tarihi mai muni. Sunan ya fito ne daga faifan ƙungiyar Venom ta Newcastle na 1982, amma sautin da aka san shi da shi a yau mutumin Suwidin ne, Quorthon na Bathory, ya shimfiɗa shi daga 1984. Farkon shekarun 1990 wasu samari a Norwe, da yawansu ba su kai shekara ashirin ba, suka ga death metal ya yi tsafta da yawa, ya zama na gwanaye da manyan situdiyo, sai suka juya masa baya. Darkthrone kyakkyawan misali ne: faifansu na farko death metal ne da aka ɗauka a Sunlight, amma a 1992 suka fito da A Blaze in the Northern Sky, mai sauti siriri, busasshe, har kamfanin Peaceville ya yi jinkirin karɓarsa. A 1994 suka ƙara gaba da Transilvanian Hunger, wanda aka ɗauka da ƙaramar na'ura mai layi huɗu kawai. A matsayina na mai haɗa sauti, komai na wannan faifai kuskure ne bisa abin da aka koya mini: babu kauri a ƙasa, ganga tana can baya kamar daga gidan maƙwabta, jita tana zuzu kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Na daɗe ina yi masa kallon aikin marasa kayan aiki kafin na gane cewa da niyya suka yi.

Yadda ake sauraronsa kuwa, ka tuna da ruwan sama a kan rufin kwano. Idan yayyafi ne kana jin ɗigo ɗaya-ɗaya, amma idan ya kece ɗigon yakan haɗe ya zama sauti guda mai tsawo. Mai jitar black metal yana kaɗa tsirkiya sama da ƙasa da sauri ƙwarai har amon ya daina yankewa, ganga ma haka, don haka hannuwa suna gudu amma karin waƙar yana tafiya a hankali, sau da yawa ma a hankali kamar na doom. Kada ka bi saurin. Ka jira lokacin da amon yake canjawa, za ka tarar da wani kari mai ban tausayi a ɓoye a ciki, amo huɗu ko biyar suna zagayawa. Dusashewar sautin tana yin aikin da hazon hunturu yake yi wa gari: mutumin da ka hango a cikin hazo ya fi wanda ka gani da tsakar rana kama hankali, domin idonka ne yake ƙarasa siffarsa. Da an wanke wannan faifai an fito da komai sarari, da ya zama waƙoƙi masu sauƙi ƙwarai waɗanda ba za su riƙe ka minti biyar ba. Muryar nan kuma ba gurnani ba ce, ƙaraji ne mai kaifi daga nesa, kamar na wanda ya ɓata a daji. Idan wannan ya yi maka tsauri, In the Nightside Eclipse na Emperor, shi ma na 1994, wanda aka ɗauka a Grieghallen da ke Bergen, yana da faɗi da armashi irin na kiɗan babban taron makaɗan goge da masu busa na Turai, Bergtatt na Ulver kuma, 1995, ya gauraya ƙarajin da murya mai laushi da jitar katako.

Batun Shaiɗan ba zan yi maka kwana-kwana a kansa ba. Abubuwa masu muni sun faru da gaske. A Oslo, Euronymous, mai jitar Mayhem, ya buɗe wani shagon faifai mai suna Helvete a 1991, wanda ya zama matattarar waɗannan samari, kuma a shekarar ce mawaƙin ƙungiyar ya kashe kansa. Ranar 6 ga Yuni, 1992 aka ƙona cocin katako na Fantoft da ke Bergen, wanda aka gina tun wajen shekarar 1150, wasu coci-coci kuma suka biyo baya. A shekarar ce mai gangar Emperor ya kashe wani mutum a Lillehammer. A watan Agusta na 1993 Varg Vikernes na Burzum ya daɓa wa Euronymous wuƙa har lahira, aka yanke masa shekara 21, mafi tsananin hukunci a dokar Norwe a lokacin, bisa kisan da kuma ƙona coci-coci, ya fito a 2009 yana nan da aƙidarsa ta fifita farar fata. Faifan Mayhem da ake ɗauka a matsayin ginshiƙin salon, De Mysteriis Dom Sathanas na 1994, wanda aka kashe ne yake kaɗa jita a ciki, wanda ya kashe shi yana kaɗa bes. Shi kansa Transilvanian Hunger da na yaba maka, Vikernes ne ya rubuta kalmomin rabin waƙoƙinsa, kuma bugun farko ya fito da wata kalmar wariyar launin fata a bayan kwalinsa, wadda ƙungiyar ta nesanta kanta da ita daga baya. Har yau akwai wani ɓangare na black metal da yake ɗauke da aƙidar Nazi a fili, kuma kai da kake baƙar fata ya kamata ka san da wannan kafin ka sayi rigar wata ƙungiya don kawai zanenta ya burge ka.

Sai dai jama'ar ba kala ɗaya ba ce. Ga wasu, irin su Venom, Shaiɗan kayan wasan kwaikwayo ne na tsorata iyaye da sayar da faifai. Geezer Butler, wanda ya rubuta yawancin kalmomin Black Sabbath, a gidan Katolika ya tashi, kuma a Master of Reality akwai waƙar da take kira ga imani da Allah ƙarara. Wasu kuwa da gaske suke yi: Glen Benton na Deicide ya yi wa goshinsa lalas da gicciye a kife, Watain ta Suwidin kuma tana ɗaukar wasanta a matsayin ibada, har da jinin dabbobi a kan dandamali. Yawancin zagin a kan Kiristanci yake, saboda a ƙasashen Kirista aka haifi kiɗan, amma akwai masu taɓa Musulunci ma, kuma gara ka ji daga bakina. Sannan akwai tarin ƙungiyoyi da babu ruwansu da wannan duka. Trouble ta yankin Chicago ta sa wa faifanta na 1984 suna Psalm 9, kalmominta daga Littafi Mai Tsarki na Kirista. Enslaved ta Norwe tarihin kakanninta take rerawa, har ta ci lambar Spellemann, babbar kyautar kiɗa ta ƙasar, fiye da sau ɗaya. Bolt Thrower yaƙi kawai take ba da labari, Nile tarihin Masar ta Fir'auna, Carcass kalmomin littafin likitanci, Chuck Schuldiner na Death kuma, kafin ciwon dajin ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi a 2001 yana da shekara 34, ya koma rubutu a kan cin amana da halin ɗan Adam. Panopticon ta fitar da faifai a 2012 a kan wahalar masu haƙar kwal a jihar Kentucky, da kiɗan banjo, wani ɗan'uwan gurmi, a tsakiyar ƙarajin.

Hukuncin sauraron kiɗa a addini fagen malamai ne, su za ka tambaya. Abin da ni zan iya ba ka shi ne hanyar sanin abin da kake sakawa a kunnenka, tunda ba ka iya tsintar kalmomin da kanka. Akwai shafin Encyclopaedia Metallum, wanda masoya kiɗan suka kafa a 2002, inda kusan kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, take da bayanin ƙasarta da 'yan cikinta da jigon waƙoƙinta, sau da yawa har da kalmomin. Ni kaina akwai faya-fayan da na san an yi gwaninta a cikinsu amma na ajiye su saboda abin da suke faɗa ko saboda wanda kuɗin zai je wa aljihu, kuma ban yi asarar komai ba, domin abin da ya rage ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya.

Game da zamansa kiɗan bayan fage, wannan ma yana cikin abin da ake so a jikinsa. Kafin intanet, ta gidan waya kiɗan yake yawo: yaro a Birazil ya kwafi kaset ɗin gwaji na ƙungiyar garinsu ya aika wa wani a Norwe ko Malesiya, shi kuma ya mayar masa da na wurinsu, tare da tarin 'yan takardun talla na wasu ƙungiyoyi a cikin ambulan. Har dabara suke yi ta shafa gam a jikin kan-sarkin wasiƙa, don wanda ya karɓa ya goge hatimin ya mayar a sake amfani da shi. 'Yan mujallu da ake bugawa da injin kwafi, irin Slayer da wani mai laƙabin Metalion ya fara a Norwe a 1985, su ne jaridunsu. Duk wanda ya taɓa kwafar kaset daga kwafi ya san yadda sauti yake dusashewa a kowane zagaye, kuma kunnuwan da suka tashi da wannan dusashewa su ne suka zo suka nemi irinta da gangan a situdiyo. Yau abin ya koma Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, da ƙananan kamfanoni irin su Profound Lore da Dark Descent da 20 Buck Spin, ana buga faifai 'yan ɗaruruwa, yawancin makaɗan suna da wani aikin da suke ci da shi, kuma bayan wasa mai gurnanin nan da ya tsorata ka shi ne zai tsaya a bayan tebur yana sayar da riguna yana neman canji. Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba: Overthrust daga Ghanzi a Botswana suna death metal, suna kuma shirya bikin shekara-shekara don tallafa wa yara marasa galihu, Vale of Amonition kuma suna doom a Kampala. Za ka gamu da masu tsaron ƙofa, waɗanda za su yi maka jarrabawa su kira ka ɗan kwaikwayo idan ba ka san kaset ɗin farko na wata ƙungiya ba. Yawancinsu yara ne, ka yi musu murmushi ka wuce.

Idan za ka gwada, kada ka saurara ta lasifikar waya, domin tana yanke kaurin ƙasa gaba ɗaya, doom kuma ba shi da abin da ya wuce wannan kauri. Ka nemi na'urar kunne mai rufe kunnuwa duka. Ka ɗauki faifai guda ka saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, saboda a haka aka tsara shi, kuma ka ba shi zama uku a ranaku dabam-dabam: zaman farko ka bi ganga kaɗai, na biyu jita, na uku ka sake kai ka bar shi ya tafi da kai. Ka fara da Black Sabbath da Candlemass, ka wuce My Dying Bride don kunnenka ya saba da gurnani a cikin tafiya mai sanyi, sannan Symbolic na Death, 1995, wanda ya fi yawancin death metal sarari, daga nan Entombed, Emperor, Darkthrone kuma a can ƙarshe. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin ukun ne kawai zai kama ka, mai yiwuwa kuma babu ko ɗaya. Abokin ɗakinka ya fi ni amfani a nan, tunda yana kusa: ka ce ya zaɓi waƙa ɗaya, ya nuna maka daidai minti da daƙiƙar da rif ɗin da ya fi so yake shigowa, ya mayar da wurin baya sau uku kuna saurare tare.